Asabar Zan Tashi

Garinmu garin kwana ne. Ba zagi na yi ba, haka Allah ya yi shi. Da asuba ya kwashe mutanensa ya zuba a jirgin ƙasa, babban birni ya haɗiye su, sai magariba ya maido su a gajiye. Gidajen duk uwa ɗaya uba ɗaya ne: fenti ruwan ƙasa, taga biyu, ƙofar ƙarfe, da 'yar bishiya a gaba wadda aka dasa rana ɗaya da ta maƙwabci. Akwai tankin ruwa mai dogayen ƙafafu a tsakiya, akwai kantin magani, akwai makarantar yara, akwai tasha. In ka cire tashar nan, sauran ba su da dalilin zama. Na yi shekaru a garin, amma in ka ce in faɗa maka launin labulen maƙwabciyata da rana tsaka, sai dai in shara maka ƙarya.

Duk sanin da muka yi wa juna a jirgin asuba ne, tarago na ƙarshe. A can ba a kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa, da tasharsa ake kiransa. Ni ce Asibiti, don a nan nake sauka, ina aiki a ɗakin wanki da guga. Yaran tarago kuwa Inna suke ce mini, ko na so ko ban so ba. Akwai Kotu, mai buga takardu, mai minshari kamar injin niƙa. Akwai Kasuwa Babba da Kasuwa Ƙarama, ya da ƙanwa, masu barci kai a kafaɗar juna. Akwai Gada, ita ce ke fara sauka, wata doguwa mai sanyin murya da ke ɗinkin labule a wani shago bayan gadar birni. Kullum akwai silin zare maƙale a mayafinta, yau ja gobe shuɗi.

Mutum ɗaya ne ba a kira da tasharsa, shi ne Zakara. Makulli yake yanka a wata 'yar rumfa a ƙarshen layi, saboda haka shi ne ke sauka bayan kowa. Tun da matarsa ta rasu barcin zaune ya ƙaurace masa, sai ya zama shi ke tashinmu. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke ba shi ko sisi. Mu dai mu shiga, mu jingina, mu bar masa amanar kanmu.

Kuma kowa da irin tashinsa. Kotu sai an ce masa, "Ranka ya daɗe, alƙali ya shigo," ya zabura yana laluben takalmi. Su Kasuwa tari ɗaya ya ishe su. Ni kuwa ce mini yake, "Inna, an iso," in buɗe ido in ce Allah ya shirye shi, ya ce amin. Gada ce kaɗai bai taɓa kira ba. Kujerarta tana kallon tasa. In an kusa gadar sai ya ciro makulli daga aljihu ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen hannun kujerarta, ƙwas, ƙwas, a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Ta buɗe ido, ta yi murmushi, ta ce, "Har mun zo?" Ya ce, "Har kin zo." Iyakar hirarsu ke nan, shekara da shekaru.

To amma ni da ido ɗaya nake barci. Na ga yadda yake tare mata hasken taga da jakarsa in rana ta fara leƙowa. Na ga yadda ita kuma take gyara mayafi kafin ta shigo taragon, alhali sauran mu ko wankin fuska sai a hankali. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na sha ce masa, "Kai Zakara, cara kawai ka iya? Ka buɗe baki ka yi wa yarinyar nan magana mana." Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, akwai lokaci." Wane lokaci? Mutumin da furfura ta fara yi masa sallama a gemu!

Barcin jirgi ba irin na gado ba ne. Rabinka yana nan, rabinka ya tafi yawo. Ƙarar ƙafafun jirgi tana shiga mafarkin ta zama wani abu. Ni yawanci guga nake yi: in ga na shimfiɗa farin zanin gado, ina ta bi da dutsen guga, zanin yana ta tsawo har ya fita ta taga ya rufe gonaki da bayan masana'antu, ni kuwa ina ta bi ba gajiya. Wata Alhamis, ina tsakiyar wannan gugar, na ji ƙwas, ƙwas, sannan na ji muryar Gada ta ratso zanin.

"Zakara," ta ce, "ranar Asabar zan tashi."

Na ji ya yi 'yar dariya. "Asabar ma? Ai ranar hutu ce. Ki yi barcinki ki more, ba mai tashinki."

Sannan ta ce, "To. Shi ke nan."

Na so in buɗe ido, zanin ya rinjaye ni. Da ya ce mini "Inna, an iso," na sauka ina zaton duk cikin mafarkin ne.

Ranar Juma'a Gada ba ta runtsa ba. Ta zauna tana kallon taga, tana naɗe wani silin zare a yatsa tana warwarewa. Da aka iso gadar ba a yi ƙwas-ƙwas ba, don idonta biyu. Ta miƙe, ta dubi taragon kujera-kujera, ta ce, "Sai wata rana." Mu da "sai gobe" muka saba, amma barci bai bar kowa ya lura ba.

Litinin kujerarta ba kowa. Talata wani ƙato mai babban buhu ya zauna a kai, Zakara yana ta harararsa kamar ya ci masa bashi. Ranar ya manta da Kotu, sai da bawan Allah ya wuce tasharsa ya dawo a ƙafa. Da yamma muka haɗu a jirgin dawowa, na same shi tsaye bakin ƙofa, fuska duk ta faɗa.

"Ko ba ta da lafiya ne, Inna?" ya ce.

"Me ta ce maka ranar Alhamis?"

Ya maimaita mini, kalma ba ta faɗi ba, har da amsar da ya bayar. Ashe ba mafarki na yi ba. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa jakata.

"Kai, amma an yi dolo a nan! Tashi ta ce maka. Tashi daga gida, tashi daga gari, kwashe kaya! Mace ta tattaro ƙarfin halinta na shekaru ta ce maka za ta tashi, don ta ji ko za ka ce ina za ki, kai kuma ka ce ta yi barcinta ta more, ba mai tashinta?"

Shi a duniyarsa tashi iri ɗaya ne, na ƙwas-ƙwas.

"Kana da lambar wayarta?"

"A'a."

"Sunanta fa?"

Ya dube ni kamar yaron da ya fasa tulu. "Gada," ya ce.

Sai tausayinsa ya kashe mini jiki. Na ce Laraba ba ni da aiki, ya rufe rumfarsa mu nemi gidanta, ko maƙwabta sun san inda ta nufa. Ya ce ta yaya, gidajen da ko masu su sai sun ƙirga daga kwana suke gane nasu? Na ce mai ɗinkin labule ce fa. Duk tagar da muka ga labulen da ya fi na kowa kyau, nan ne.

Ranar Larabar ce na fara ganin garinmu. Jirgin asuba ya tafi ya bar mu, ni da shi, tsaye a bakin tasha kamar baƙi. Rana ta hau, garin ya yi tsit. Ashe bishiyoyin nan suna fure, wani ɗan fure ruwan hoda da ke zuba a kan titi ba mai takawa. Ashe tankin ruwan yana da inuwa, doguwa, tana zagaya gidaje a hankali. Kekunan yara a jingine, takalma a jere bakin ƙofofi, shanya tana ta kaɗawa ita kaɗai, riguna suna ɗaga wa juna hannu daga igiya zuwa igiya. Kyanwa ta kwanta a tsakiyar babban titi, ko ɗaga kai ba ta yi mana ba. Daga nesa muryoyin 'yan makaranta suna tashi suna sauka, ba ka jin abin da suke cewa. Har ƙofar gidana muka wuce, sai da na yi taku kaɗan na waiwaya na ce, "Ikon Allah, ashe koriya ce."

Muka bi layi-layi muna leƙen tagogin mutane kamar ɓarayi. Akwai labule mai furanni, akwai mai zane-zane, akwai wanda rana ta cinye har ya koma fari, akwai inda zanin gado kawai aka rataya, kuma ko guga ba a yi masa ba, abin haushi. Duk wanda na nuna masa sai ya girgiza kai ya ce, "Ba hannunta ba ne." Na ce yaushe ka san hannunta? Ya ce ya san yadda take naɗe zare.

Da rana ta take muka zauna a dakalin kantin magani. Mai kantin yana gyangyaɗi a bayan kanta, fanka tana juya masa takardu. Ƙafafuna sun yi nauyi, garin yana rawa a idona saboda zafi, har na fara rasa ko a farke nake ko guga nake yi.

"Ka je gadar mana," na ce. "Ka bi shagunan labule."

"Shagunan bayan gada sun fi gashin kaina yawa, Inna. Kuma in na same ta in ce me? Sallama ta yi mini na kore ta." Ya juya makulli a hannu. "Tun Litinin in an iso gadar juya baya nake. Ba na iya kallon wurin da take sauka."

Muka miƙe muka ci gaba da bin layi.

Sai bayan la'asar, a wani layi bayan tankin ruwa, ya tsaya cak. Na bi idonsa. Gida ne kamar kowane gida, sai dai tagoginsa biyu tsirara suke, ba labule ko ƙyalle. Mu da muka wuni muna neman labulen da ya fi kyau! Ai mai ɗinkin labule in za ta tashi ba ta barin nata. Muka matsa muka leƙa. Ɗaki fayau, an share shi tas, rana ta shimfiɗa a ƙasa. A jikin ƙusar da ke saman taga akwai silin zare shuɗi yana lilo.

Wani tsoho a gidan da ke kusa yana ba shukokinsa ruwa da buta. Muka gaisa, na tambaye shi.

"Mai labule? Sun tashi ranar Asabar, ita da mahaifiyarta. Ta ce ta gaji da barcin zaune."

"Ina suka koma, Baba?"

"Cikin birni dai." Ya karkata butar. "'Yar nan, a garin nan wa ya san wani? Ni ma don na yi ritaya ne na san da su. Ta dai daɗe tsaye a bakin ƙofa bayan an gama loda kaya, tana kallon hanyar tasha, har direba ya yi ta danna ham. Na ce ko mantuwa ta yi, ta ce a'a."

Zakara ya sa hannu ta tsakanin ƙarafan tagar, wadda aka bari a buɗe, ya ciro zaren nan ya naɗe a jikin makullinsa. Muka juya gida. Jirgin magariba ya iso muna hanya, mutane suka ɓarko, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, garin ya koma wanda na sani.

Washegari na shiga tarago na zauna. Kotu ya fara niƙansa tun jirgi bai tashi ba, su Kasuwa suka haɗa kai. Na gyara zama zan bi su, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Zakara ya jingina da taga, baki a ɗan buɗe, makulli mai zare a tafin hannu, yana barci. Yawon jiya da baƙin ciki sun kayar da shi. Fuskarsa ta saki, ya koma kamar yaro. Wayyo, sai na ji hawaye. Na ce yau kam ni ce zakara, bari bawan Allah ya huta.

Ban taɓa ganin hanyar nan ido biyu ba. Gidaje suka ƙare, fili ya buɗe, hazo kwance a kan ciyawa. Bayan masana'antu suka wuce da hayaƙinsu, sannan dogayen benaye suka fara tasowa daga nesa, tagoginsu suna kama rana. Taragon duk numfashi ne, yana hawa yana sauka tare. Jirgi ya hau gada, ƙarar ta canza, ruwa yana walƙiya a ƙasa. Ya fara rage gudu.

Tana tsaye a kan dandamalin tashar, daidai inda tarago na ƙarshe ke tsayawa. Mayafi a gyare, silin zare ja a kafaɗa. Na murza idona, na ce ko dai na yi barcin ne ban sani ba. Jirgi ya tsaya, tagar Zakara ta zo daidai fuskarta. Ta dube shi yana barci, ta dube ni. Na ɗaga hannu zan girgiza shi, sai na tsaya, don tsakani da Allah ban san yadda ake tashin Zakara ba. Ba wanda ya sani.

Ita ta sani. Ta buɗe jakarta, ta ciro wani sabon makulli, ta ɗora a jikin gilashin daidai kunnensa. Ƙwas, ƙwas.

Ya buɗe ido a hankali. Ya daɗe yana kallonta ta gilashin, bai motsa ba, irin kallon wanda ke tsoron in ya motsa mafarkin zai watse.

"Tashi mana, dolo!" na ce. "Ƙofa za ta rufe!"

Ya miƙe, ya yi tuntuɓe da ƙafar Kotu, ya isa bakin ƙofa ya tsaya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na bi bayansa, don ba a yin wannan ba ni.

"Tun Litinin nake tsayuwa a nan," ta ce. "Ƙeyarka kawai nake gani, jiya kuwa ko ita ban gani ba."

"Ban gane ba ne," ya ce. "Da kika ce za ki tashi, na ɗauka..."

"Na sani. Sai da na kwana biyu ina fushi sannan na gane." Ta sunkuyar da kai, ta miƙo masa makullin a tafin hannu. "Guda ɗaya mai gidan ya ba mu. Ina so a yanka mini na biyu. Kuma mahaifiyata ta ce, mai yankan ya kawo da kansa, tana son ganinsa."

Aka busa usur. Shi kuwa yana nan tsaye, baki buɗe, yana shirin cewa akwai lokaci, na ga alamar a fuskarsa. Na sa hannu biyu a gadon bayansa na tura. Allah ya yafe mini, amma ban yi nadama ba.

Ƙofa ta rufe. Jakarsa tana kan kujera, na ɗauka na rungume. Ta taga na hango shi tsaye a tashar da ya yi shekaru yana wucewa bai taɓa taka ta ba. Ya ɗaga makullinta sama yana duba haƙoransa a hasken rana, yadda yake yi a rumfarsa, ita kuma tana yi masa magana tana dariya, su biyun ido biyu. Suka yi ta ƙanƙancewa har kwana ta ɓoye su.

Na share fuskata da gefen mayafi, na juyo. Su Kasuwa na nan kai a kafaɗar juna, tasharsu tana matsowa. Na yi tari, ko gezau. Na sake yi, shiru. Sai na tafa hannu na ce, "Ku tashi, 'yan nema, Zakara ya tashi!"

Kasuwa Babba ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Shi da ba ya barci, Inna?"

Na ce ba irin wannan tashin ba.